Kafin ku sa hannu a gidan nan na Levittown

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. In na fahimce ki, ke da maigidanki kun gaji da haya a Filadelfiya, ɗaki biyu ga yara uku, dillali ya kai ku Levittown, nan wajen birnin a jihar Fensilbaniya, ya nuna muku gidan da aka gina a 1953, an yi masa sabon fenti da sabon kicin, kuɗinsa kuma bai fi ƙarfinku ba. Abu biyu ke hana ki barci: tsufan gidan, da yadda za ki zauna da hijabinki a unguwar da kusan kowa farar fata ne. Mu a 2017 muka tare a namu, irin wanda suke kira Levittowner, to bari in ba ki abin da na gani da idona.

Fentin nan da kicin ɗin, ki kawar da kai daga kansu tukuna. Masu sayen tsohon gida su gyara su sayar sun san inda idon mace ke fara sauka. Ki dubi ƙasan da kike takawa.

Gidajen nan ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa kamar na cikin Filadelfiya. Kamfanin Levitt ya gina gida 17,311 a nan tsakanin 1952 da 1958, kuma don aiki ya yi sauri sai su zuba daɓen kankare su ɗora gida a kai. A cikin kankaren suka binne bututan tagulla, ruwan zafi yana zagayawa yana ɗumama daɓen. A zamaninsa abin alfahari ne. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da aka haifa a layinmu, ta ce suna yara a ƙasa suke kwanciya lokacin sanyi kamar kyanwoyi. Amma bututun da ya shekara saba'in a cikin siminti, ai ya yi ƙoƙari. A sanyinmu na biyu na lura da wani wuri kusa da ƙofar kicin kullum da danshi, na yi ta yi wa yara faɗa a kan zubar da ruwa, Allah ya yafe min. Ashe bututu ne ya huje a ƙasa. Mai gyara ya ce ko dai a fasa daɓen a nemi ɓular, wata kuma ta ɓulla baɗi, ko a rufe tsarin gaba ɗaya a ja sababbin bututai ta gindin bango. Muka zaɓi na biyu. Kuɗin da muka ajiye don zuwa gida ganin Hajiya a wannan shekarar, can ya tafi. Gidaje da yawa an riga an yi musu wannan canjin, saboda haka tambaya ta farko ga dillali ita ce: ɗumin daɓen na asali ne har yanzu, ko an sauya? In ya ce bai sani ba, ya je ya tambayo, a rubuce.

Ta biyu, tankin mai. Da man ɗumama ake hura yawancin gidajen nan, kuma a da yawansu a ƙasa aka binne tankin. Tankin ƙarfe in ya yi tsatsa ya yoye cikin ƙasa, kwashe gurɓatacciyar ƙasar a wuyan mai gida yake, inshorar gida kuma sau da yawa ba ta ɗaukar wannan. Ko kin ga sabon tanki a gefen gida, ki tambayi ina tsohon. An haƙe shi, ko an cike shi an bar shi? Ina takardar? Mu Allah ya taimake mu, mai gidan ya cire nasa kafin ya sa gidan a kasuwa.

Sai bututun bahaya da ke fita zuwa titi. Bishiyoyin da aka shuka 'yan tsiraru a shekarun 1950 yanzu sun zama ƙatti, saiwoyinsu kuma ruwa suke bi. Binciken gida na yau da kullum ba ya leƙa can, sai kin biya daban an zura kyamara. Ki biya. 'Yan ɗaruruwan daloli ne, gyaran kuwa dubbai. Ranar binciken kada ku bar shi ga dillali, ku je da kanku, maigidanki ya bi mai binciken sawu da ƙafa har cikin rufi. Ku zaɓi mai bincikenku da kanku, wanda ya saba da gidajen Levitt. A duba akwatin wuta, don an ja wayoyin ne lokacin da a yawancin gidaje babu na'urar sanyaya ɗaki, babu injin busar da kaya, babu yara uku kowa da abin caji. A gwada iskar radon, wata iska mai cutarwa da ke tasowa daga ƙasa ta taru cikin gida, Fensilbaniya ta yi suna a kanta. Tunda kuma kina da mai rarrafe, ki ɗauki maganar fenti mai dalma da muhimmanci: sai a 1978 aka hana amfani da shi a gidaje, kuma doka ta tilasta wa mai sayar da gidan da ya girmi wannan shekara ya ba ki takardar abin da ya sani game da shi. Tsofaffin tayil na ƙasa ma wasu da asbesto a ciki, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu. In suna kwance lafiya an rufe su da sabon daɓe, ba a tsokanarsu. Ranar da maigidanki ya ga bidiyo a YouTube ya ɗauko guduma zai ɓamɓare su da kansa, ki riƙe hannunsa.

Wani abu da za ki lura, da wuya ki ga gidan da ya rage yadda Levitt ya bar shi. An rufe rumfar mota ta zama ɗaki, an ɗora bene, an ƙara falo ta baya. Wannan ne ma ya sa unguwar ta daina kama da akwatunan ashana a jere. Sai dai ba kowa ya nemi izinin hukuma kafin ya ƙara ba. Ɗakin ukunmu tsohuwar rumfar mota ce, kuma duk wanda ya rufe ta bai sa abin tare sanyi a bangon ba. Babban ɗana ya yi sanyi biyu yana barci da hula da safa. Ki je ofishin ƙaramar hukuma ki nemi fayil ɗin gidan, ki gwada abin da ke rubuce da abin da idonki ya gani.

Yanzu haraji, inda 'yan'uwanmu da yawa ke yin kuskure. Levittown a ambulan wasiƙa gari ɗaya ce, a wajen hukuma kuwa ta faɗa ƙarƙashin ƙananan hukumomi huɗu: Bristol Township, Falls, Middletown da Tullytown. Gundumomin makaranta uku ne, Bristol Township, Neshaminy da Pennsbury. Gida biyu iri ɗaya sak, tafiyar minti biyar a mota tsakaninsu, amma farashi daban, haraji daban, makarantar yara daban. Kaso mafi tsoka na harajin gida na makaranta ne, kuma ba ya ƙarewa ko kin gama biyan bashin gidan. In gidan da aka nuna muku ya yi arha fiye da 'yan'uwansa, akwai dalili, ki nemo shi. Ki karɓi takardar harajin bara ki raba gida goma sha biyu, ki ɗora a kan biyan wata, ki ƙara inshora da mai, sannan ki gwada da hayar da kuke biya yanzu. Kada kuma ki manta da harajin sauya mallaka, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin gidan, wanda bisa al'ada mai saye da mai sayarwa ke rabawa. Ranar sa hannu ake biyansa, ban da kafin alƙalami.

Maganar kuɗin ruwa ba ki tambaya ba, amma na san tana ranki. Akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF masu tsarin da ba na bashi da ruwa ba. Mu ta irin wannan hanya muka bi. Biyan watan ba ya bambanta sosai da na banki, don haka kada ki je da tsammanin arha. Hukuncin kuma ku tambayi malamin da kuka amince da shi, ni ba malama ba ce.

To, zama da mutane. Ba zan ɓoye miki tarihin wurin ba, don gara ki ji daga bakina. An gina garin ne don sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da ma'aikata irin na masana'antar ƙarfe ta Fairless da aka buɗe nan kusa a 1952. Gwamnati ta tsaya musu a bashi, mutum ya shiga sabon gida na kusan dala 10,000 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma William Levitt ya ƙi sayar wa baƙar fata, har da waɗanda suka yi yaƙin. A watan Agustan 1957 William Myers da matarsa Daisy suka sayi gida a sashen Dogwood Hollow daga hannun wani mai gida, suka zama baƙar fata na farko. Jama'a suka yi ta taruwa a ƙofarsu dare bayan dare, aka jefi taga da dutse, sai da aka turo 'yan sandan jiha. Wasu maƙwabta sun tsaya musu, su ma suka sha tsangwama. Iyalin sun daure har 1961 kafin su tashi. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya a sayar da gidaje. Ni da na ji labarin nan bayan mun tare, na ɗauki mota na je na bi ta layin a hankali. Gida ne kamar nawa, da ciyawa da kwandon shara a waje.

Yau fa? A shekarun da na yi, sau ɗaya wani ya sauke gilashin mota ya faɗa min maganar banza a wajen ajiye motoci na kanti. Sau ɗaya ne, amma ban manta ba. Lokacin zaɓe za ki ga alluna a ciyawar mutane da za su sa gabanki ya faɗi, kuma mai allon nan shi ne zai zo da injinsa ya kwashe miki dusar ƙanƙara ranar da maigidanki ke aikin dare. Na daina ƙoƙarin daidaita waɗannan biyun a kaina. Dattijuwar da na ambata, babanta a Fairless ya yi aiki har ya yi ritaya. Da Babbar Sallah ta farko na kai mata dambun nama, ta juya shi ta juya, ta ɗauka abin shuka ne. Yanzu ita ke tambayata yaushe Sallah. In kina so yaranki su tashi cikin masu kama da su, ki ƙetare kogin Delaware ki duba Willingboro a New Jersey. Shi ma Levitt ne ya gina shi daga 1958, gidajen ƙannen waɗannan ne, amma yau baƙar fata ne suka fi yawa, da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Sai dai ki zauna da kalkuleta a kan harajin New Jersey kafin ki yi murna.

Abin da ya fi wariya ci min rai shi ne shiru. A gidan haya ina jin motsin mutane ta bango, ina haɗuwa da 'yar Mali da 'yar Sudan a wajen wanki. Nan kuwa ƙarfe takwas na dare layi ya mutu, kowa ya shige da motarsa ya rufe ƙofa. Ba mai yi miki sallama haka kawai. Watanni shida na farko na yi kuka ba sau ɗaya ba, ga gida ga fili amma ba wanda zan ce wa “kin ji abin da ya faru?” Kuma komai sai da mota, ko madara ce ta ƙare. Akwai tashar jirgin ƙasa ta SEPTA da ke kai mutum Filadelfiya ko Trenton, amma ita ma da mota za ki je. Ba banza ba a 1979, lokacin ƙarancin fetur, aka yi tarzoma a mahaɗar Five Points ta garin nan. In mota ɗaya gare ku, ki sa ta biyu cikin lissafin gidan, kuma in ba ki tuƙi ki koya kafin ku tare. Titunan a lanƙwashe suke da gangan don kada motoci su yi gudu, kuma duk titunan sashe ɗaya da harafi ɗaya sunansu ke farawa, baƙinki za su yi ta zagaye suna kiranki. Juma'a muna zuwa masallacin Zubaida a Yardley, akwai kuma jama'a a Bensalem. Daddawa, kuka da manja kuwa har yanzu sai na gangara Woodland Avenue a kudu maso yammacin Filadelfiya, sau ɗaya a wata, in ciko but ɗin mota.

A dokokin Levitt na farko an hana shinge, an hana shanya a waje ranar Lahadi, kuma dole a yanke ciyawa duk mako. Na shinge da shanya sun zama labari, ciyawa dai in kika bar ta ta yi tsawo za ki ga takarda daga hukuma. Abu na farko da muka kashe wa kuɗi da son ranmu shi ne shingen katako a bayan gida, bayan mun karɓi izini. Ranar da aka gama na fito ba mayafi, na shimfiɗa tabarma, yara suna guje-guje, na ji kamar a tsakar gidanmu nake. Da a ce yau ne zan sake saye, zan saya, amma ba zan zuba duk abin da ke hannuna a kafin alƙalami ba. Zan rage abin da zai iya sauya ɗumin gida ko bututun bahaya ba tare da na ci bashi ba. In bayan sa hannu asusunku zai koma fayau, ku ƙara shekara ɗaya a haya.

Kafin ku ba da amsa, ku koma layin ba tare da dillali ba, sau ɗaya da daren Asabar, sau ɗaya da safiyar Litinin lokacin motar makaranta. Ku tsaya ku gaisa da duk wanda kuka gani a waje, ku tambaye shi ko ruwa na kwanciya a titin in an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ki kuma gaya min sunan sashen da gidan yake, zan faɗa miki gundumar makarantarsa da abin da na sani a kai. In kun shigo ku biyo ta wajena da yaran, yakuwa da kuɓewar da na shuka a bayan gida sun yi, sai ki tafi da na miya.