Tambaya da Amsa: Me ya sa fentin da na shafa wa gilashi ya toshe haske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani masallaci wanda tagoginsa ke zubo haske ja da shuɗi a kan dardumai, sai na yi sha'awar irinsa a falona. Na sayi fentin akirilik na shafa wa gilashin taga, amma ya toshe hasken gaba ɗaya, bayan 'yan kwanaki kuma ya fara ɓarewa. Ina kuskuren yake? Daga wata mai zanen lalle a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina kyautata zaton masallacin Nasir al-Mulk na birnin Shiraz a Iran kika gani, wanda aka kammala gininsa a 1888. Launin irin waɗannan tagogi a cikin jikin gilashin yake, domin tun ana narka shi ake zuba masa ma'adinai, kamar kobalt mai ba da shuɗi, sannan a yayyanka a harhaɗa da katako ko darma. Abin da za mu iya a gida kwaikwayo ne, amma idan aka bi shi a hankali yana fitowa gwanin sha'awa.

Kuskurenki shi ne shafa fentin tsurarsa, domin akirilik yana da kauri kuma ba ya kama gilashi sosai. Maganinsa farin gam ɗin nan na kafintoci, wanda idan ya bushe yakan washe har haske ya ratsa shi. Ki fara gwaji da gilashin tsohon firam na hoto, ki goge shi da sifirit don maiƙon hannu ya fita, ki kwantar da shi a kan takardar da kika zana dagi ko fure.

A nan sana'arki za ta yi miki rana. Ki kwaɓa baƙin fenti cokali ɗaya da gam cokali huɗu, ki ɗura a leda kamar yadda kike ɗura lalle, ki bi layukan zanen kina matsawa. Ki tabbata kowane layi ya haɗu da ɗan'uwansa, domin shi ne kunyar da za ta tare launi, kuma ko 'yar kafa aka bari sai ja ya malala cikin kore. Ki bar shi ya kwana. Na fi jaddada wannan mataki, saboda yawancin waɗanda aikin ya ɓaci musu gaggawar zuba launi ce ta jawo.

Washegari ki ɗiga fenti ɗigo biyu ko uku cikin cokalin gam, ki zuba a kowane gurbi, ki baje da tsinken sakace, kumfar da ta taso ki fasa ta. Kada ki damu da ganin launin ya yi fari-fari, zai washe bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ki kula da yanayinmu na Garwa. A lokacin hunturu ƙura na manne wa ɗanyen gam, saboda haka ki kifa kwali a kansa. A zafin Maris da Afirilu kuwa ki yi aikin da sassafe, kafin gam ya riƙa bushewa a hannunki. Idan kika koma kan gilashin taga, ɓangaren da kika yi wa fenti ya fuskanci cikin ɗaki, domin ruwa yana jiƙa gam, kuma da busasshen ƙyalle kaɗai za ki riƙa share shi. Wancan fenti na farko kuwa, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi ki kankare da reza.