Gabana yana faɗuwa har yanzu, ko ban girma cikin bi ba ne?

Tambaya: Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni mai bi ce a nan Gombe, na daɗe da yin baftisma, ina cikin Zumuntar Mata. Ina kusa da tashar Dukku ranar da bam ya tashi a watan Disamba na 2014. Tun daga ranar, in na shiga taro sai gabana ya riƙa dukan uku-uku. A majami'a kullum bakin ƙofa nake zama, babban taro kuwa na daina zuwa. Wata uwa ta ce mini wanda ya girma cikin bangaskiya ba ya tsoro, ta karanta mini 2 Timoti 1:7. Wani mai addu'a kuma ya ce in kawo kuɗi ya fitar mini da ruhun tsoro. Ashe har yau ni jaririya ce cikin Almasihu?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan nauyi. Macen da take zuwa sujada shekara da shekaru jikinta na rawa, ba zan kira ta jaririya ba.

Ayar da aka karanta miki gaskiya ce, sai dai an ɗora miki ita a inda ba wurinta ba. Bulus ya rubuta wa Timoti ne, mutumin da ya riga ya bar wa kula da ikilisiyar Afisa. Kalmar Helenanci da ke wurin ta fi kusa da ragwantaka, wato mutum ya janye daga abin da ya san ya wajaba a kansa. Shi ya sa aya ta 8 ta zarce da cewa kada ya ji kunyar ba da shaidar Ubangiji. Bugun zuciya dabam, ragwantaka dabam. Bulus ɗin nan da bakinsa ya faɗa wa Korantiyawa cewa ya zo musu da rauni da tsoro da rawar jiki ƙwarai. Duba 1 Korantiyawa 2:3.

Ni wanda na fi so ki zauna da labarinsa a makon nan shi ne Gidiyon, Littafin Mahukunta sura 6 da 7. Mala'ika ya same shi yana sussukar alkama a ɓoye cikin wurin matse inabi don gudun Madayanawa, amma ya kira shi jarumi. Da Allah ya ce ya rushe bagadin Ba'al na mahaifinsa, sai ya ɗauki bayinsa goma ya yi aikin da dare, nassi kuma bai rufa masa asiri ba: tsoron gidansu da mutanen gari ne ya hana shi yi da rana. Duk da haka gari ya waye bagadi a ƙasa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne 7:10. Daren yaƙi, Allah ya ce masa in yana jin tsoro, ya tafi da baransa Fura su saurari abin da ake faɗi a sansanin abokan gaba. Bai tsawata masa ba, abokin tafiya ya ba shi. Gidiyon kuwa ya tafi da Fura ɗin, ke nan tsoron na nan. Sunansa yana cikin jerin masu bangaskiya a Ibraniyawa 11:32.

To kin ga inda ma'aunin yake. Abin dubawa shi ne wa yake yanke miki shawara in tsoro ya zo. Dauda bai ce ba ya jin tsoro ba, a Zabura 56:3 cewa ya yi sa'ad da tsoro ya kama shi, ga Allah zai dogara. Zamanki a bakin ƙofa bai dame ni ba ko kaɗan, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Nehemiya ma addu'a ya yi, ya kuma sa 'yan tsaro dare da rana, kamar yadda matasanmu ke binciken jaka a ƙofar majami'a. Babban taron da kika daina zuwa, nan ne tsoro ya karɓe miki wani abu, nan kuma za mu fara aiki.

Ki nemi Furanki. Mace ɗaya a cikin zumunta, mai riƙon amana, wadda za ki faɗa wa komai. Ku fara da ƙaramin taro, ku zauna inda za ki iya fita. In bugun ya taso, kada ki tashi nan take. Ki ja numfashi a hankali, ki maimaita Zabura 56:3 a zuciya, ki ba shi ɗan lokaci, domin yakan kai ƙololuwa ya sauko da kansa. Duk ranar da kika gudu, jiki yana koyon cewa gudun ne ya cece ki. Mako na gaba ki matsa benci ɗaya gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki kuma ga likita, ba wasa nake yi ba. Wanda ya ga tashin bam da idonsa yakan ɗauki rauni a ƙwaƙwalwa: firgita in an buga ƙofa, munanan mafarkai, gudun wurin da ke tuna masa. Ciwo ne sananne, ana kuma jinyarsa. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki faɗi tun yaushe abin ya fara, a duba har da jininki, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna sa zuciya gudu. Mutanenmu da sun ji an ce likitan ƙwaƙwalwa sai su ce hauka, wannan kuwa ya hana da yawa samun sauƙi. Lokacin da Iliya ya gudu daga Yezebel har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara aiko masa shi ne waina da tulun ruwa da barci, har sau biyu, kafin a zo ga magana.

Mai addu'ar kuɗi kuwa, kada ki koma. Amsar da Bitrus ya ba Siman, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8:20 ta ishe shi. Irinsu da tsoron mutane suke cin abinci, ranar da kika warke kasuwarsu ta mutu. In addu'a kike so, fastonki da dattawan ikilisiya za su yi miki ba ko sisi.

Uwar nan kuma kada ki riƙe ta a zuciya, da kyakkyawar niyya ta yi. In kin ga za ta iya riƙe magana, ki buɗe mata Mahukunta 7:10, ki tambaye ta ko za ta raka ki taron da ke tafe.