Amsa ga yarona kan kyamarar da yake son saya

Yaro, ka tambaye ni wacce ta fi dacewa ka saya da ɗan kuɗin da ka tara daga hotunan fasfo da bukukuwan sunan da nake tura ka, tsakanin kyamara marar madubi ta masu farawa, wato wadda ake canja wa lensi amma babu madubi a cikinta, da ƙaramar kyamarar aljihun nan da abokanka suke yayi, wadda ka ce ba ta da nauyi kuma hotonta yana burge mutane a waya. Wanda ya yi shekara biyu yana riƙe mini jaka bai kamata ya yi wannan tambayar ba, kuma da wani ne da na ƙyale shi ya je ya ƙona kuɗinsa. Sai dai ka taɓa mini wani miki da bai warke ba, don haka na zauna na rubuta maka, tunda in na yi magana a shago rabin hankalinka yana kan waya.

Bambancin farko yana cikin sensa, wato ɗan allon da haske yake sauka a kansa a bayan lensi. Sensar mafi yawan marasa madubi na masu farawa, wadda ake kira APS-C, tana kai wajen milimita 23.5 a tsawo da 15.6 a faɗi, alhali ta kyamarar aljihu ta gama-gari ba ta wuce milimita 6.2 da 4.6 ba. In ka yi lissafi, babbar ta ninka ƙaramar wajen sau 13 a faɗin fili. Wanda ya tari ruwan sama da baho da wanda ya tara da kofin shayi ba za su tashi da ruwa ɗaya ba, kuma haka haske yake. Kada adadin megafiksil, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto, da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, domin 'yar aljihun nan Canon IXUS 185 tana da 20, marar madubi Sony a6000 tana da 24, mai saye ya ga kamar tazarar kaɗan ce, amma waccan ta cusa nata ne a wurin da bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Da rana tsaka a filin idi duka biyun za su fitar da hoto. Mu kuwa abincinmu yana cikin zauren biki ne da daddare, inda masu ƙawata wuri suke kashe farar fitila su kunna shuɗiya da ja, kuma a nan ne ake gane wadda ta amsa sunanta kyamara.

A watan Disamba na 2016 wani ɗan kwangila a nan Jos ya zo shagona zai aurar da 'yarsa ta fari. Muka yi ciniki a kan naira 150,000, in ɗauki kamu da ɗaurin aure da liyafar dare, in haɗa albam biyu da babban firam ɗaya, ya ba ni 50,000 kafin alƙalami, ya ce cikon sai an kawo aiki. Lokacin ban daɗe da ajiye tsohuwar kyamarata mai madubi ba, wadda ta shekara da shekaru tana ja mini wuya, na koma a6000 da Sony ta fitar a 2014. A ƙofar zauren da aka yi liyafar, can wajen Rayfield, mutumin ya dube ni ya dubi abin da ke rataye a ƙirjina ya ce, “Malam, ina babbar kyamarar?” Na ce masa, “Alhaji, wannan ita ce, kuma za ka ga aikinta.” Ya yi wani irin murmushi da a lokacin na ɗauka na mai hidima ne da ya gaji. Ƙanwar amarya tana ta zagaye da wata 'yar kyamarar aljihu ruwan hoda da aka sayo mata a Dubai, duk inda na tsaya sai ta tsaya kusa da ni ta ƙyasta.

Daren nan na yi aikin da har yau ba na jin kunyar nuna shi. Amaryar baƙa ce kyakkyawa, ta sa farin leshi mai duwatsu, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san wahalar haɗa baƙar fata da farin yadi a hoto ɗaya ba tare da fuskar ta nutse ko leshin ya ƙone ba. Na sa lensi mai milimita 50 da ƙofar haskensa ke buɗewa har f/1.8 (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), na ɗora filashi a saman kyamarar na juya kansa sama, hasken ya daki silin ya sauko a hankali. Ana tsakiyar liƙi aka ɗauke wuta, kafin janareto ya tashi na ɗauki uwar amarya tana share hawaye da gefen mayafinta da hasken wayoyin mutane kaɗai. Na kwana a gaban kwamfuta ina gyara launi, na biya kuɗin wanki da na albam da na firam daga aljihuna, har sai da na taɓa kuɗin hayar shago.

Da na kai masa aikin ya yi ta sa albarka, ya kira matansa suka gani, ya karɓi albam ɗaya, sannan ya roƙe ni in bar masa faifan da hotunan suke ciki domin surukansa na Bauchi su gani, in dawo ran Litinin in kawo ɗaya albam ɗin da firam in karɓi kuɗina. Ran Litinin aka ce ya tafi Abuja. Bayan haka aka ce yana barci, aka ce yana da baƙi, maigadinsa da ke tashi ya gaishe ni ya koma yi mini magana ta ƙaramar taga. Ranar da na samu ganinsa yana falo da abokansa, kuma a gabansu ya ce da ni, ba ko kunya, wai shi kuɗin babbar kyamara muka yi ciniki, ni kuma na zo masa da abin wasan yara irin na 'yarsa, saboda haka abin da ya bayar tun farko ya isa har ya yi yawa. Na danne zuciyata na ce a kira yarinyar ta kawo nata hotunan a gwada. Aka kawo, muka duba a gabansu. Waɗanda ke kusa da ita fuskokinsu sun yi fari fat, idanunsu jawur, duk wanda ya wuce taku huɗu daga gare ta ya ɓace cikin duhu, hannun amarya inda take rawa ya zama wani dogon shafe, leshin kuwa ba ka ganin dutse ko ɗaya a jikinsa. Ya duba, ya ajiye, ya ce, “Ai hoto duk hoto ne.” Yana faɗin haka ne alhali a bangon da ke bayansa an rataye hoton uwar amarya da na ɗauka, an kai faifaina wani wuri an wanke shi babba, an yanke kusurwar da sunan shagona yake. Na kai ƙara wajen wani dattijo da yake jin nauyinsa, aka ce in yi haƙuri, mai hidimar biki ba ya rasa bashi. Naira 100,000 ta wancan lokacin ba ƙaramin kuɗi ba ce, ita ce ta hana ni sayen lensin da nake buri har shekara ta zagayo, kuma ban yafe ba, ko gobe aka tambaye ni haka zan faɗa.

To, idan ni da nake riƙe da kyamarar gaske an raina ni saboda ƙanƙantarta, kai da za ka fito da wadda ake sakawa a aljihun riga me kake zaton za a yi maka? Tun daga ranar ba na shiga taro sai da filashi a sama da hular lensi a gaba, ko da ba na buƙatarsu, domin mutanenmu da ido suke biyan kuɗi. Kuma ba na ɗaga ƙafa daga shago sai an ba ni kashi 70 cikin 100, ba na sakin hoto ko ɗaya ta faifai ko ta WhatsApp sai ciko ya shigo, ko da mai bikin ɗan uwana ne.

Abin da ya lalata hotunan yarinyar nan a jikin kyamarar yake, ba a hannunta ba. Fitilarta tana manne da lensi, shi ya sa hasken yake shiga ido kai tsaye ya dawo ja, ƙarfinta bai wuce mita 3 ko 4 ba, kuma babu gurbin da za ka ɗora wata a sama. Lensinta ba ya cirewa, kuma da zarar ka jawo abu kusa sai ƙofar hasken ta tsuke, a IXUS 185 daga f/3.2 har zuwa f/6.9, sai kyamarar ta rage saurin ɗauka don ta rama, duk wanda ya motsa ya shafe. Yawancinsu ba sa ajiye hoto ɗanye, wato RAW, don haka in launin fitilar zaure ya ɓata fuska babu abin kirki da za ka ceto a kwamfuta. Ga kuma ƙurar hunturu. Lensin da yake fitowa yana komawa duk lokacin da aka kunna, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale shi, kuma kuɗin gyaransa yakan kusa kuɗin wata. Maganar gaskiya, wayar da ke hannunka ta riga ta karɓe aikin irin waɗannan, abin da ya sa kamfanoni da yawa suka rage ƙera su ke nan. Yaran yanzu ne kawai suka ga ana yayinsu a TikTok, suka bi suka tayar musu da farashi, suna kiran dusashewar hoto da sunan salo. Mu a zamaninmu hoton da ya fito haka maigida yaga shi yake yi a gabanka, ya cire kuɗin takardar daga abincin ranarka.

Akwai 'yan aljihu masu daraja, ban musa ba. Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012 da Canon G7 X suna da sensa mai milimita 13.2 da 8.8, kuma ma'aikacin da ke da albashi, yana son ya hau duwatsun Shere ko ya kai iyali kallon ruwan Assop ba tare da jaka ba, su suka dace da shi. Amma farashinsu yakan kai na marar madubi ko ya wuce, sensarsu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta APS-C, lensin da ka saya da shi za ka mutu da shi. Kai kuma ba yawon buɗe ido za ka yi ba.

Saboda haka marar madubi za ka saya, amma ba kowace ba. Kada araha ta ja ka ga Canon EOS M50 ko 'yan uwanta, domin kamfanin ya daina ƙera wannan jerin, kuma lensinsu ba ya hawa sababbin da ake kira R, ka tara kaya a kansu ranar da za ka ƙara girma sai ka fara daga tushe. Sony ZV-E10 da Nikon Z30 an yi su ne don masu bidiyo, ba su da ramin leƙawa, kuma ranar hawan salla da rana ta take ba za ka ga komai a allon baya ba. Canon R50 ta 2023 tana da kyau, sai dai gurbin filashinta sabon salo ne, tsofaffin filashin da ke cikin durowata ba za su yi aiki a kanta ba sai ka sayi mahaɗi daban. Ni da zan zaɓa maka, a6000 ta hannu mai lafiya zan nema, duk da ba ta da wurin saka makirfo kuma ba ta ɗaukar bidiyon 4K, domin lensin da ke hawanta suna da yawa a kasuwa, kuma nawa ma za ka iya ara in ka nuna hankali. Ba zan rubuta maka farashi ba tunda dala ce take juya shi kowane mako.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka zuba kuɗinka duka a jikin kyamara. Ɗan lensin 16-50 da ake haɗowa da ita na rana ne, yana farawa daga f/3.5 ya ƙare a f/5.6, zai yi maka hoton taron ɗaurin aure a ƙofar masallaci amma zai kunyata ka da daddare. Ka ware kuɗin lensi mai f/1.8, da filashi ko da na Godox ne, da batir biyu na ƙari, domin kamfanin Sony da kansa hoto 360 ya ƙiyasta wa caji ɗaya, kuma kamu kaɗai yakan cinye wannan. Yadda ake daidaita haske da sauri da sauran abubuwan da ko ɗan koyon wata uku ya sani, ba zan ɓata tawada a kansu ba.

Marar madubin ita ma tana da nata aibin, kuma na san halinka. Babu madubin da ke tsare sensarta, kana cire lensi ga ta nan a fili. Na taɓa ganinka kana canja lensi a bakin titin Bauchi lokacin hazo, kyamarar tana kallon sama, keke napep suna wucewa, kai kuma kana amsa waya. Wancan kayana ne, shi ya sa ba ka ji zafi ba. In ka sayi taka ka juya bakinta ƙasa, ka kashe ta, ka yi a cikin mota ko cikin ɗaki, kuma kada in ji ka hura mata iska da baki.

Ko a Abuja ka samo ta ko daga Legas za a aiko, kada ka biya sai an yarda za ka iya mayarwa. Ka duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska cikin lensin da tocila ka ga ko danshi ya yi masa saƙa, ka tsuke ƙofar hasken zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk wani tabo da ke kan sensar zai bayyana. Sannan ka kawo mini ita shago in gwada ta da hannuna kafin ka tura wa kowa sisi, kuma ka zo bayan la'asar, domin da safe ina da aikin makarantar Islamiyya a Anguwar Rogo.