Bashin app ko na banki, wanne za a fara biya?

Ɗan'uwa ka ce kana da bashin albashi na banki ga kuma na app ɗin waya, kuɗin hannunka ba zai ishi biyun ba. Fara kashe na app ɗin, shi ne ruwansa ke hawa da sauri, ka makara kwana biyu ma sai su ɗora maka tara.

Amma don Allah kar ka bar na banki ya wuce ranarsa, tun 2020 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ba bankuna dama su cire bashinsu daga duk asusun da ke kan BVN ɗinka. Ni ya faru da ni, kuɗin makarantar yara na ajiye a wani banki daban, da safe kawai na ga alat an kwashe.