Kwamfutarki lafiya lau take, sharaɗi kika manta

Tambaya: Malam, na ga wani kwas a intanet da ya yi alkawarin mayar da ni gwanin Haskell, yaren rubuta shirin kwamfuta, cikin mako ɗaya. In biya?

Kada ka biya. GHC, manhajar da ke fassara shirin Haskell, kyauta ne, littafin bayaninsa ma kyauta ne. Mai cewa mako ɗaya aljihunka yake hange.

Tambaya: Kwana uku ke nan ina fama. Na rubuta ƙaramin aiki (function) mai jera abubuwa da sort, na ba shi nau'in [a] -> [a], wato ya karɓi jerin abubuwa ya dawo da jeri, GHC ya ƙi, yana cewa babu Ord a. Ko dai kwamfutata ce ta tsufa, in nemi sabuwa? Wallahi har na fara tunanin barin karatun.

'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki kashe ko sisi. Da kika rubuta harafin a haka nan tsirara cikin nau'in, kin yi alkawarin aikinki zai karɓi kowane irin abu. Shi kuwa sort, aikin Haskell mai jera abubuwa bi da bi, sai ya san wanne ke gaba da wanne, kuma ba komai ake iya kwatantawa ba. Ayyuka biyu, alal misali, babu yadda za a ce ɗaya ya fi ɗaya girma. Gyaran shi ne Ord a => [a] -> [a]. Ord a shi ne sharaɗin cewa ana iya sanin wanne ke gaba da wanne. Ba sai kin ƙara Eq a, sharaɗin gane ko abu biyu daidai suke, ba, Ord ya riga ya ɗauko shi.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: masu ganin jan rubutu sai su goge layin nau'in gaba ɗaya don GHC ya yi shiru, ko su kwafo wani ƙarin GHC mai suna UndecidableInstances daga amsar wani baƙo su manna ba su san me suka kunna ba. Wannan ƙarin yana cire binciken da ke tabbatar da cewa neman misalan aji, wato gano ko wani nau'i ya cika sharaɗi irin Ord, zai kai ƙarshe. Tsarin azuzuwan nau'i, irin su Ord da Eq, da masana Wadler da Blott suka gabatar a 1989 amfaninsa ke nan, a kama kuskure tun kafin shirin ya fara gudu. Wasu kuma suna jibga sharuɗɗan Show (mayar da abu rubutu), Num (lissafi) da Ord a kan aikin da Eq kaɗai ya ishe shi, su rufe ƙofa ga nau'o'in da ba su yi laifin komai ba. Karanta saƙon kuskuren a tsanake, sau da yawa sunan sharaɗin da ya ɓace yana ciki.

Tambaya: Haskell ko OCaml?

In sharuɗɗan nau'i kake son koya, Haskell. OCaml, wanda shi ma yaren rubuta shiri ne, ba shi da azuzuwan nau'i, da modul, wato ƙunshin nau'o'i da ayyuka, yake warware wannan matsalar.