Gam a bakin fayif kawai, ban da cikin gwiwa

Jiya ka tambaye ni me ya sa na hana ka shafa gam a cikin gwiwa, wato mahaɗar fayif mai kwana, alhali a aikin ruwa fayif da gwiwa duka muke shafa wa. Zauna ka ji, yaro.

Wannan fayif ɗin ba ruwa zai ɗauka ba. Injin sharar ƙura da za mu kafa a gareji iska zai riƙa zuƙowa daga kowane ɗaki, ita kuma ta taho da ƙurar hunturu, gashi, zaren kafet, har da tsinken sakace. In ka shafa gam a cikin gwiwa, kana tura fayif zai tattaro shi ya kai shi ciki, ya bushe ya yi tudu. Ruwa ba ruwansa da tudu, wucewa yake yi. Gashi kuwa nan zai maƙale, wani ya zo ya kama shi, a hankali hanya ta toshe. A ina? A bayan silin da mai gida ya kashe maƙudan kuɗi a kai, kuma mu za a kira mu fasa. Amma in ta waje ka shafa a bakin fayif, rarar waje take fitowa, ka goge da tsumma. Ka tura har ƙarshe, ka ɗan murɗa, ka riƙe kaɗan ya kama.

Haka maganar yanka take. Zarto yana barin ɓarɓashi a baki, shi ya sa nake cewa ka kankare da wuƙa, ka bi da sandfefa, ka zura yatsa ka ji sumul. Yanka kuma ya miƙe. In ya karkace, rami zai bari a cikin gwiwa, datti ya samu mazauni.

Kada kuma ka ga fayif ya ƙare ka ce za ka cike da na ruwa. Wannan inci 2 ne cif ta waje, milimita 50.8, jikinsa siriri. Na ruwa mai kauri da Amurkawa ke kira Schedule 40, sunansa inci 2 amma ta waje inci 2.375 ne, ba zai shiga ba. Ni da kaina na taɓa gasa wani a wuta don ya shiga, irin yadda masu wayarin ke yi. Ya shiga kam, amma cikinsa ya yamutse, sai da na cire shi.

Gwiwa mai kaifin kwana guda ɗaya muke sa wa kowane layi, daidai bayan bakin da ke bango, inda ake jona tiyon shara. Da gangan ne: in yaro ya zuƙi fensir da tiyon, nan zai tsaya inda hannu ke kaiwa. Sauran duk masu doguwar kwana ne. In za ka haɗa reshe da babban layi, ya shigo ta gefe ko ta sama, kwanarsa na kallon inji. Ta ƙasa kuwa a'a, dattin da ke wucewa zai riƙa zubewa cikinsa.

Gobe ka fara haɗa layin falo ba gam, ka ja layi da alƙalamin maka a kan kowace mahaɗa don ka san yadda ta zauna. Siririyar wayar nan mai kunna inji ka bi da ita jikin fayif, ka ɗaure da tef. Kada ka buɗe gwangwanin gam sai na zo na duba.