Amsa ga mai fama da ciwon baya bayan hawan dutse da kayan hoto

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka cewa duk ranar da ka hau dutsen Kufena na Zariya ko duwatsun Shere na Jos ɗaukar hoto, sai ka dawo da ciwon ƙasan baya wanda ba ya sakinka sai bayan kwana biyu ko uku, kana tambaya jaka za ka sake ko magani za ka nema. Sannu, Allah ya ba ka lafiya. Na daɗe a wannan yawon, kuma na san wannan ciwon a jikina, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ka ce jakar rataye gare ka, mai igiya ɗaya. Ka ajiye ta a gida, ta aikin biki da suna ce, inda za ka sauke ta kan kujera duk bayan 'yan mintuna. A kan dutse kuwa sa'o'i take yi a kafaɗa ɗaya, kafaɗar ta ɗaga, jiki ya karkace don ya daidaita, tsokar gefe ɗaya na ƙasan baya ta wuni tana aiki ba hutu. Ita ce take tashinka da kuka washegari.

Abin da kake buƙata jakar goyo ce mai ɗamarar ƙugu. Ba irin siririyar igiyar nan ta jakar 'yan makaranta ba, ɗamara mai faɗi mai soso a ciki, da bayan jaka mai tauri wanda ba ya lanƙwashewa. Dubi yadda iyayenmu mata suke goyo: yaro a manne da baya, zani a ɗaure tamau, mazaunan yaron a kan ƙugun uwa, ta wuni tana aiki da shi. Haka jaka ya kamata ta zauna. Ka saɓa ta, ka sassauta igiyoyin kafaɗa, ka ɗaure ɗamarar daidai kan ƙashin ƙugunka, wanda kake ji a gefe in ka dafa hannu, sannan ka ja na kafaɗa har jakar ta manne da bayanka. In ka yi daidai, yatsunka za su shige ƙarƙashin igiyar kafaɗa ba da wahala ba. In ka dawo gida ka cire riga ka ga jan sawu biyu a kafaɗunka, to kafaɗa ce ta ɗauki kayan, ɗamarar ado kawai ta yi. Yawancin jakunkunan kyamara da ake sayarwa an yi su ne don kare kyamara, ba don kare mai ita ba. Ni jakar masu hawan dutse na samu a gwanjo, na saka ƙaramin akwatin soso a ciki na jera kayan, kuma tun daga nan na ji bambanci.

Amma jaka komai kyanta ba ta rage kilo ɗaya. Yi lissafi da kanka. Babbar kyamara da batir ta kusa kilo 1. Dogon gilashin kyamarar nan na jawo nesa, wato 70-200 mai f/2.8 (babbar ƙofar shigar haske), wajen kilo 1.5 ne shi kaɗai. Ƙafar kyamara ta alminiyam haɗe da kan da ake ɗora kyamarar, kilo 2 ko fiye. Ruwa lita 2, kilo 2 cif. Ƙara gilashi mai faɗi, da batura, da fawa bank, da abinci, da jakar kanta, in kuma akwai duron, ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ga shi nan, sai ka ga ka haura kilo 10 ba ka sani ba. Masu hawan dutse suna da ƙiyasin da suke bi, cewa jakar wuni ɗaya kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ita. Mai kilo 70, kilo 7 ke nan. Ba doka ba ce, amma ma'auni ne mai amfani.

Abin da ya fi damuna da mu masu hoto shi ne tsoron nan na "kada in je in buƙace shi". Ka buɗe hotunan da ka ɗauka a Shere a kwamfuta, ka duba da wane gilashi aka ɗauki waɗanda kake alfahari da su. Ina kyautata zaton ɗaya ne, ko biyu. Hoton tsauni da fili a f/8 ko f/11, wato da ƙaramar ƙofar haske, muke ɗaukarsa, kyamara a kan ƙafarta, to me f/2.8 zai yi maka a can? Ƙanin dogon gilashin nan mai f/4 kusan rabin nauyinsa ne, kuma ya fi araha. Ruwa kaɗai ne ban yarda a rage ba.

Wajen jera kaya, mai nauyi ya jingina da bayanka, a tsakiya, kada ya sauka gindin jaka ko ya koma aljihun waje. Ƙafar kyamara a ɗaure ta kada ta riƙa lilo. In a gefe take, a sa gorar ruwa a ɗaya gefen. Kyamara a wuya kuma, a lokacin tafiya, a'a.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ka iso sama a gajiye, ka kafa ƙafar kyamara ƙasa-ƙasa don ka samu dutsen gaba a hoto, sai ka sunkuya a kanta rabin sa'a kana jiran rana ta faɗi, wani lokaci ma jakar tana bayanka. Wannan sunkuyon yana cin baya kamar hawan. Sauke jaka da zarar ka tsaya, ka durƙusa ko ka zauna, ka juyo allon kyamara sama. Saukowa ma ta fi hawa wahalar da gwiwa da baya, don haka gajeren taku, da sanda a hannu, ba tsalle daga dutse zuwa dutse. In tafiyar mai nisa ce irin ta Mambila ko Gashaka a jihar Taraba, ka ɗauki ɗan gari ya raka ka, ku raba kayan, ka biya shi da kyau. Ya fi ka sanin hanya ma.

Batun magani. Za a ce maka basir ne, ko sanyi, a haɗa maka jiƙo. Za a kuma miƙo maka diclofenac ko ibuprofen a kemis. Suna rage zafi, amma yawan shansu yana illa ga ciki da ƙoda, musamman ga mai gyambon ciki ko wanda ya wuni a rana bai sha ruwa sosai ba. Tramadol kuwa kada ka fara. Ciwon tsoka irin wanda ka kwatanta yakan lafa da gashin ruwan ɗumi da tafiya a hankali. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Tun da naka yana maimaituwa, ka je sashen gashin ƙashi a asibiti su duba ka, su koya maka motsa jikin da ke ƙarfafa ciki da baya da cinyoyi.

Amma in ciwon ya fara gangarowa ƙafa da jin kamar lantarki, ko ƙafa ta riƙa mutuwa ko rauni, ka dakatar da hawan ka ga likita. In kuma ka ji matsematsinka ya mutu, ko fitsari ko bayan gida ya gagare ka riƙewa ko fitarwa, wannan na gaggawa ne, ranar za ka tafi asibiti, ba gobe ba.

Kafin fitarka ta gaba, ka shirya jakar kamar yadda ka saba, ka ɗora ta a sikeli, ka turo mana nauyinta da jerin abin da ke ciki, mu taya ka zaɓar abin da zai zauna a gida.